Bencin Masu Hankali

Tun daga bakin titi ake jin muryarta. Masu shagunan da ke jikin katangar makarantar ba sa duba agogo da safe, da sun ji an ce, “Kowa ya zauna!” to takwas ta buga. Shi ya sa abokan aikinta suka laƙa mata Anti Lasifika, sunan ya bi ta har ita ma take amsawa. Ba ta jin haushi. Cewa take wanda bai taɓa tsayawa gaban yara arba’in da biyu ’yan shekara uku ba, ba shi da bakin yi wa muryar wani sharhi.

Shekara ashirin da uku ta yi a aji guda, na ƙarshen layi, kusa da famfo. Ba ta da takardar koyarwa. Da takardar sakandare ta shigo, aikinta wanke fo da ɗaure wa yara igiyar takalmi. Wata rana malamar ajin ta tafi haihuwa ba ta dawo ba, aka miƙa mata alli aka ce ta riƙe kafin a samo wata. Har yau ana kan samowa.

Tsakani da Allah ta iya aikin. Ta san kukan yunwa, ta san na fitsari ya matsa, ta san kukan da ba na komai ba sai na neman a kalli mai shi. Takan ce a ba ta yaro mako ɗaya, za ta karanta maka shi daga farko har ƙarshe. Ba a musa mata, don an sha gwadawa.

Ajin nata yana da tsari, ita ta ƙirƙiro abinta. Masu ƙiriniya a gaba, inda hannunta zai kai. Masu dama-dama a tsakiya. Can baya jikin taga kuma akwai benci guda mai shuɗin fenti, shi ne bencin masu hankali. Yaran da ba sa kuka, ba sa faɗa, ba sa tambaya, inda ka ajiye su nan za ka dawo ka tarar da su, su ke zama a kai. Zaman bencin girma ne. Iyaye har alfahari suke a bakin ƙofa, wai ɗana bencin baya yake. A takardar sakamako kuwa jimla ɗaya take rubuta musu duk zango: “Mai hankali, babu hayaniya.” Sauran malamai suka kwaikwaya, kowane aji ya samu nasa. Maganar gaskiya, in kana kai kaɗai da yara arba’in, duk wanda bai nemi hankalinka ba ya yi maka sadaka.

Wadda ta fara zama a bencin nan ’yarta ce ta fari. Saboda ita ma aka sa masa sunan. Yarinya ce da za ta wuni ba ka ji bakinta ba, sai dai ta tsura maka ido kana magana. A gida ana ce mata Miskila.

Miskila ita ce ƙayar da ta karye a ƙafar Anti Lasifika ba ta fita ba. Yarinyar da ta fi kowa hankali a ajin ’yan shekara uku, tana shiga firamare ta zama dutse. Ta maimaita aji uku, ta maimaita aji biyar, malamai suna aiko da saƙo iri ɗaya, ba ta mai da hankali, ana magana tana kallon taga. Maƙwabta suka samu abin tauna, wai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Abin da ya fi ƙona wa uwar rai, in ta zaunar da ita a gida, gwiwa da gwiwa, ta koya mata, tsaf yarinyar take ɗauka. Gobe ta je makaranta ta dawo da sifili. Sai uwar ta yanke hukunci irin na wadda ta san yara: wannan ba daƙiƙanci ba ne, taurin kai ne. Ta dake ta da rula, ta dake ta da silifa, ta hana ta fita wasa hutu guda. Yarinyar ko kuka ba ta yi da ƙarfi. A maimaicin aji biyar ta ajiye jaka, uwar ba ta ce ta ɗauka ba.

Yanzu shekarar Miskila ashirin da huɗu. Tana ninke kaya a wani gidan wanki da guga, ta tafi da safe ta dawo da la’asar. Uban ya rasu, ƙannenta biyu suna karatu a wani gari, su biyu suka rage a ɗaki biyu da falo. Ba sa faɗa. Ba sa hira. Uwar ta daɗe da daina tambayar kanta me ya faru da ’yar nan, ta ajiye tambayar inda ake ajiye kwanon da ya tsage, ba a amfani da shi ba a kuma yar da shi ba.

Duk shekara ana aiko wa makarantar da takardar gayyata zuwa bitar malaman ƙananan yara, gurbi ɗaya ko biyu. Duk shekara mai makarantar takan kira ta ofis ta ce, “Malama, ke ai ke ya kamata ki koya musu. Kuma in kin tafi wa zai riƙe mini ’yan shekara uku? Kwana ɗaya za su tashi makarantar nan.” Sai a tura wata. Masu zuwa su dawo da jaka da biro da hoton taro, ka tambaye su me aka koya su ce an ci an sha. Iya aikinta ne ya hana ta zuwa koyon aikin, shekara ashirin da uku. Da fari abin yana sosa mata rai, daga baya ya daina. Abubuwa da yawa sun daina sosa mata rai.

Bana wadda aka rubuta sunanta ta kwanta asibiti ana gobe za a fara, masu bitar kuma sun ce makarantar da ta bar gurbinta ba za a sake gayyatarta ba. Mai makaranta ta ce, “To Malama, gemu ba ya hana ilimi. Je ki zauna mana kwana uku.” Aka raba yaranta gida biyu aka cusa a ajin wasu.

Zaure ne babba mai fanka shida, uku suna aiki. Malamai sun kai tamanin, yawancinsu ba su kai sa’ar ’yarta ba. Ranar farko aka raba su rukuni-rukuni, aka ba su manyan takardu su rubuta halayen malamar kirki su manna a bango. Rana ta biyu aka koya musu yin kayan wasa da kwali da murfin kwalba, abin da take yi tun wasu masu koyarwar suna rarrafe. Ta yanka kwalinta ta manna, aka tafa mata. Ta ci abincin rana, ta yi gyangyaɗi kaɗan.

Rana ta uku, darasin ƙarshe, an rubuta a jadawali awa ɗaya da rabi kan lura da ji da ganin yara. Sai babban baƙon da zai rufe taro ya iso da wuri, aka ajiye shi a ɗakin gefe, aka raɗa wa mai darasin cewa minti goma take da shi. Wata ma’aikaciyar lafiya ce siririya mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta rufe takardunta ta ajiye, ta ce tunda babu lokaci tambaya ɗaya za ta yi.

“A azuzuwanku, su wa ke zama a baya?”

Wata ta ce dogaye. Wata ta ce waɗanda suka makara. Anti Lasifika ta ɗaga hannu, karo na farko a kwana uku. Aka miƙo mata abin magana ta ce ba ta bukata. Ta ba da labarin bencinta, shuɗin fentinsa, yadda iyaye ke son sa, yadda yara ke nutsuwa don a kai su can. Zaure ya ɗauki tafi, wasu har rubutawa suke.

Mai tabarau ba ta tafa ba. Ta ce, “Anti, sannu da ƙoƙari. A cikin masu hankalin nan, akwai wanda in kina magana bakinki yake kallo ba idonki ba?”

“Akwai.”

“Akwai wanda in kin ce a tashi, sai ya ga ’yan’uwansa sun tashi sannan ya tashi? Ko mai juyo miki da gefe ɗaya kullum?”

Matar ta juya ga zauren. Ta ce yawancin yara masu shiru halinsu ne kawai, babu abin da ke damun su. Amma akan samu wanda ba shiru ya zaɓa ba, magana ce ba ta isa gare shi sosai, musamman wanda kunnensa ya taɓa ciwo yana zubar da ruwa aka bar shi ya bushe da kansa. Irin wannan yana jin ihu, yana jin wanda ke gabansa, shi ya sa iyaye ke rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Ta kira wata malama ta zaunar, ta koma bayanta, ta ja da baya tsawon hannu ɗaya, ta fitar da numfashi, ta raɗa sunanta ta dama, sannan ta hagu. Ta ce shi ke nan, ba a sayen komai. Wanda bai juyo ba a matso da shi gaba, a fuskance shi in za a yi magana, a gaya wa iyayensa su kai shi a duba tun da wuri.

Wani mai riƙe da jadawali ya nuna mata agogo. Babban baƙo ya shigo aka miƙe tsaye.

An ba Anti Lasifika takardar shaida da jaka da biro, ta tsaya a layin baya aka ɗauki hoto. A motar komawa ta zauna jikin taga da jakar a cinya. Ba ta ji komai ba, ko faɗuwar gaba. Abu ɗaya ne ya zo ya tsaya mata a ido ya ƙi tafiya: wani ƙaramin matashin kai mai tabon rawaya, da ita tana sa auduga a kunnen Miskila ’yar shekara biyu tana sauri kada ta makara aiki. Wata biyu kunnen yana ruwa, sannan ya tsaya. Har godiya ta yi wa Allah da ya tsaya ba sai an je asibiti ba.

Ranar Litinin lokacin hutun tara ta tsayar da ’yan bencin baya su shida, ta ce wasa za a yi. Ɗaya bayan ɗaya ta zaunar da su suna kallon bango, ta koma baya. A nan ta gano ba ta iya raɗa ba. Ta buɗe baki murya ta fito kamar kullum, sai da ta gwada sau uku kafin ta samu ta ƙasa, ita ma a shaƙe. Biyar suka juyo suna ƙyalƙyala dariya. Ta shida, ’yar wani mai gyaran agogo, yarinya mai tsabta wadda ba ta taɓa zubar da ko ruwa a aji ba, ta ci gaba da kallon bango tana wasa da bakin rigarta. Dama, shiru. Hagu, shiru. Anti ta matso taki ɗaya ta sake. Sai da ta yi magana da muryarta ta aji yarinyar ta juyo da murmushi, tana jiran a ce mata ta yi daidai.

Ta kama hannunta ta kai ta layin gaba, tsakanin manyan masu ƙiriniya biyu. Yarinyar da ba a taɓa jin kukanta ba ta fashe da kuka. “Anti, ban yi laifi ba. Anti, zan yi hankali.”

Washegari uban ya zo da gilashin aikinsa rataye a wuya, ransa a ɓace, yana tambayar abin da ’yarsa ta yi aka sauke ta. Anti Lasifika ta zaunar da shi ta sake gwada yarinyar, a gabansa. Sai ya ce, “Ni da nake sauraron agogo duk rana.” Ya ce zai kai ta asibiti ranar Alhamis, ya yi godiya har sau uku. Godiyar ta wuce ta gefenta ba ta taɓa ta ba.

Da aka tashi ta kinkimi bencin ita kaɗai ta kai bakin famfo ta ajiye. Mai makaranta ta leƙo ta taga ta ce, “Malama, lafiya? Iyaye fa suna son bencin nan.”

“Hajiya, bokitai sun fi bukatarsa.”

“Abin da kika koyo ke nan a kwana uku?”

“A minti goma,” in ji ta, ta koma ta share wurin da ya tashi. Ƙafafunsa huɗu sun bar shaida a siminti. Tana sharar, fuskoki suna zuwa, shida-shida, shekara bayan shekara, wasu yanzu da ’ya’yansu. Ba ta san wanne da wanne ne ke da matsalar kunne ba, ba kuma za ta taɓa sani ba.

A gida kuwa ta yi kwana biyar ba ta yi komai ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita nata ɗakin shekara ashirin yana zuba a kanta tana gyara na mutane. Kallo kawai take. Ta ga Miskila ba ta ajiye waya a aljihu, kullum tana hannu ko a gabanta inda za ta ga haske. Ta ga in an ƙwanƙwasa ƙofa ita uwar ce ke tashi, tun da can, tana mitar ’yar ba ta da ta ido. Ta ga kujerar da ’yar take zama kullum, wadda ke sa gefen hagunta ya fuskanci mai magana. Duk abubuwan nan suna nan tun fil azal, ba wanda ya ɓoye su. Ta dafa abinci, ta ci, ta yi salla, ta tafi aiki ta dawo. Tsoro take ji, amma shi ma tsoron daga nesa take hango shi kamar na wata.

Ranar Asabar da la’asar Miskila ta kwaso shanya ta zube a teburin falo, ta tsaya tana fuskantar taga tana ninkewa. Hannunta ya saba, ko kallon kayan ba ta yi. Uwar ta fito daga kicin ta tsaya a bayanta. Ta auna tsawon hannu ɗaya. Ta fitar da numfashi yadda aka nuna. Ta kira ta da sunanta na gaskiya, wanda rabon da a kira ta da shi a gidan nan har an manta.

Miskila ta ɗauki wata riga ta kakkaɓe.

Ta koma hagu ta sake kira. Ta ƙara murya kaɗan, irin wadda mutane ke magana da ita a ɗaki. Rigar ta ninku gida uku ta hau kan ’yan’uwanta. Tunda dai ba a ji, sai uwar ta faɗi sauran maganar, kalma uku, a wannan muryar da ba ta saba da ita ba.

Miskila ta ɗago, ta ga inuwa a gilashin taga, ta juyo a firgice. “Umma! Tun yaushe kike nan?”

Uwar ta zagayo gabanta. Ta ce, da muryar kullum, “Kunnenki. Ba kya ji sosai.”

“E. Na dama ne ya fi. Na hagu da sauƙi.” Ta faɗa kamar an tambaye ta lambar takalminta.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun aji huɗu. Da na ɗauka kowa haka yake, in malami ya juya allo magana ta ɗauke. Sai na ga ’yan aji suna rubutu alhali ya ba mu baya.”

“Ba ki faɗa mini ba.”

Miskila ta kalli bakin uwar, sannan idonta. Mamaki ne a fuskarta, ba fushi ba, kuma da fushin ne da ya fi sauƙin ɗauka. “Ai ke kin san yara, Umma. Kowa ya ce kin san yara. Na ɗauka kin sani, ba kya so a yi maganar ne kada a riƙa ce mini kurma.”

“To dukan fa?”

“Na ɗauka don ban ƙara ƙoƙari ba ne, bayan ke kina naki.”

“Wane nawa?”

“Muryarki mana. Iyayen mutane a hankali suke magana, ke ce kaɗai kike ɗagawa, ko a ɗaki, ko mu biyu ne. Duk duniya ke kaɗai nake ji ba sai na wahala ba. Na ɗauka saboda ni kike yi.”

A nan abin ya iso. Kwana takwas yana tafe, daga zauren bita, ta mota, ta bakin famfo, sai yanzu ya same ta a tsaye gaban teburin shanya, ya sauka mata a ƙirji har sai da ta dafa tebur. Shekara ashirin yarinyar nan tana riƙe da wata kyauta tana godiya a zuci, ita kuwa ba ta taɓa ba ta ba. Ciwon aiki ne kawai, na yara arba’in da biyu. Tana iya yin shiru ta karɓi ladan. Ba ta karɓa ba.

“Ba saboda ke ba ne,” in ji ta. “Ban sani ba. Sai makon jiya wata ta gaya mini.”

Miskila ta jawo zanen gado daga cikin tulin, ta kama gefe ɗaya ta miƙa mata ɗayan. Suka ja da baya zanen ya miƙe a tsakaninsu.

“Ɗazu na ga bakinki yana motsi a gilashi,” in ji ’yar. “Me kika ce?”

Suka tako suka haɗa gefe da gefe, fuska da fuska. Anti Lasifika ta ja numfashi ta maimaita kalmomin uku, ki yafe mini, da duk muryar da Allah Ya ba ta. Matar gidan da ke jikin nasu tana kwashe tata shanyar, ta tsaya da kaya a hannu.

Miskila ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta sa bayan hannu ta goge ido, ta ce, “Na ji, Umma. Kama gefen da kyau, yana zamewa.”